Ranar da Aka Kafa Masoyiyata a Gonar Shinkafa

Ba zan taɓa mantawa ba, ranar kasuwar Yako ce, ina zaune a ɗan shagona na cajin waya da turin fina-finai, sai na ji a jikina ana leƙen allon kwamfutata ta saman kafaɗata. Na juyo na ga idanu biyu. Wallahi idanun kawai na fara gani, sauran yarinyar daga baya ta biyo. Ta miƙo mini wayar mahaifiyarta ta ce a sa mata caji, sannan ta nuna allon da baki ta ce, “Malam, su waɗannan mutanen ba su da hanci ne?”

Katun nake kallo, irin na mutanen Japan ɗin nan da ake zana budurwa idanunta sun cinye rabin fuska, hanci ɗan ɗigo, haɓa kamar tsinin allura. Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai ajiyar zuciya ta riga ni fitowa. (Ajiyar zuciyar nan na daɗe ina gwajinta a ɗaki, ban dai samu inda zan yi amfani da ita ba sai ranar.)

Ya kamata in faɗa muku irin tarbiyyar da na samu. Ni littattafan soyayya na kasuwa ne suka raine ni. Yayata ce take karɓo haya, ta ɓoye a ƙarƙashin katifa, ni kuma in sace in shiga bayan rumbu in karanta. Kafin in iya ɗaure tazugen wandona da kyau na riga na san cewa namijin kirki ba ya magana sai ya lumshe ido, kuma ba ya ba budurwa kyautar da wani ya taɓa bayarwa. Da na girma na buɗe shago, sai katun ya zo ya ƙarasa ni. A ganina duk duniya ba a taɓa zane irin nasu ba. Ido ne mazaunin so, to su sun ba shi filin da ya dace da shi. Duk wanda ya shigo shago ya ce in tura masa fim ɗin faɗa, sai na yi masa wa'azi a kan wannan kafin in tura.

Sunanta Saude, 'yar Malam Hamisu ce, wani manomin shinkafa a Ɗansoshiya. Ban ɓata lokaci ba, na fara zuwa zance da la'asar a bayan babur ɗin abokina Sabi'u, ɗan acaɓa, wanda muka taso tare tun muna tallan rake. Saude tana jin daɗin hirata, ko dai in ce tana dariya sosai, wanda a lokacin na ɗauka duk abu ɗaya ne. Matsalar tana wajen mahaifinta. Malam Hamisu mutum ne da yake auna suruki da fartanya. Mijin babbar 'yarsa kafin a ba shi aure sai da ya kawo gayyar samari suka nome masa fadama kaf. Mijin ta biyu shanun huɗa ya turo. Ni kuwa rabona da fartanya tun ranar da na sare babban yatsana ina tsakiyar tunanin wata jaruma.

Wata la'asar Saude ta ce mini, tana wasa da bakin gyalenta, “Baba fa ya ce shi har yanzu bai ga amfaninka ba. Ya ce yana ganin dai mutum yana zuwa yana ƙamshi yana komawa.”

Na lumshe ido na ce, “Ki faɗa wa Baba, zan kawo gidan nan abin da ba a taɓa kawowa ba.”

“Taki?” in ji ta.

Na ce ta dai jira.

Shawarar da na yanke ita ce in zana ta. Ba a takarda ba, wannan kowane ɗan firamare zai iya. Zan zana ta a tsaye, daidai tsayinta, yadda duk wanda ya gani zai san akwai wanda ya san darajar yarinyar nan. A lissafina Malam Hamisu zai kalla, ƙwalla ta cika masa ido, ya ce a kira masa yaron nan. Haka ake yi a littafi.

Na tafi Bebeji sayen fenti wajen Ado Mai Fenti, wanda yake yi wa manyan motoci zane a jiki. Na same shi yana ƙarasa wani zaki a bayan motar ɗaukar masara. (In gaskiya za a bi, kare ne da aka sa wa gemu.) Na nuna masa hoton katun a wayata na ce irin wannan nake so in yi. Ya karɓa, ya nesanta ta da fuskarsa, ya matso da ita, ya ce, “Wannan ciwon me take yi?”

“Lafiyarta ƙalau. Wannan shi ne zane na zamani. Naku ai ado ne kawai na mota.”

Ado ya ajiye buroshi. “Kai yaro, zakin nan da kake gani, akwai jakin da ya gan shi a Kwanar Ɗangora ya zubar da kayansa. Shi zane in bai motsa mai kallo ba, asarar fenti ce.”

Na ce ai ni zuciya nake so in motsa, ba jaki ba. Ya ce to Allah ya ba da sa'a, ya miƙo mini gwangwanayen fentin yana girgiza kai. Muka rabu kowa yana tausayin ɗan'uwansa.

Na sayi falankin katako mai faɗi, na sa kafinta ya yanke mini shi da siffar mutum, na rufe shago na shiga aiki. Fuska na fara yi. Idanun na ba su haƙƙinsu, kowane ɗaya ya kai faifan rufe ƙwarya. Da na ja baya na duba, sai na ga ba sa ƙyalli irin na katun, wanda za ka ga kamar taurari sun faɗa ciki. Nan basira ta zo mini. Ina da tsofaffin faya-fayan sidi jibge a shago tun zamanin da ake yayinsu, na ɗauko biyu na manna a tsakiyar idanun. Da rana ta haske su sai da ni kaina na kare fuska. Na ce alhamdu lillahi, an zo wajen.

Hanci na ɗiga shi da tsinken ashana. Na yi mata wushiryarta, na sa ɗan baƙin tabon da yake kumatunta na hagu, don kada a ce ban lura ba. 'Yan kunne na haɗa da murafun kwalbar lemo, na jera su a zare yadda in iska ta kaɗa za su yi ƙara mai daɗi. Hannuwa ne suka ba ni wahala, na kasa lanƙwasa su, sai na bar su a buɗe, na ce ai ma ya fi ma'ana, tana marhabin da masoyinta ke nan. Na sayi jan gyale na gaske na yafa mata yana kaɗawa. Daga ƙarshe, don ta iya tsayuwa da kanta, na buga mata doguwar gora a baya, na fiƙe ƙasan.

Ku da kuke karantawa na san kun riga kun ga inda aka dosa. Ni ban gani ba. Ni da na kalle ta a tsaye a lungun shago, hawaye ne ya zubo mini.

Sabi'u ya zo ɗauka, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi salati. Na tambaye shi yaya ya gani. Ya ce, “Mutumina, ka yi aiki.” Bai ƙara ko kalma ba, ni kuma na ɗauka kyan abin ne ya ɗaure masa harshe. Muka naɗe ta a buhu, ya ɗaura a babur, na ce ya kai gidan Malam Hamisu ya ce in ji ni. Ban bi shi ba, don jarumi ba ya raka kyautarsa.

Abubuwa biyu ne ban sa a lissafi ba. Na farko, Saude ba ta gari, ta tafi Kiru zaman jegon yayarta. Na biyu, lokacin shinkafa ta fitar da kai, ƙwayarta tana ruwa-ruwa, kuma tsuntsayen jan-baki sun sauka a fadamar kamar an aiko su. Duk manomin da ka gani muryarsa ta dishe saboda ihu, ana ta kaɗa gwangwanaye a igiya, ana wurga majajjawa. Sabi'u ya tarar da Malam Hamisu a ƙofar gida zai koma gona, ido jajur. Ya gaishe shi ya ce ga saƙo daga yaron nan mai caji. Malam Hamisu ya kwance buhu, ya ga abu da gora a fiƙe, hannuwa a buɗe, ido yana walƙiya, kunne yana kacau-kacau. Ya ce, “Allahu akbar. Ashe yaron nan yana da hankali.” Ya saɓa a kafaɗa ya yi fadama.

Da Sabi'u ya dawo na tare shi da tambaya. Ya ce, “Ya karɓa da hannu biyu. Har ya sa maka albarka.” Na ce ina ya ajiye? Ya sosa ƙeya ya ce, “A inda kowa zai gani.” Ya tayar da babur ya ce yana da fasinja. (Har yau in na tuna masa sai ya ce shi dai bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba.)

Bayan 'yan kwanaki saƙo ya zo cewa Malam Hamisu yana nemana, kuma in same shi a gona. Na ce shi ke nan, maganar turo manya ce, yana so mu keɓe. Na sa farar shaddata ta Sallah, na ari hular ƙanin babana, na yi wanka da turare. A hanya Sabi'u sai cewa yake, “Mutumina, duk abin da ka gani, ka ce alhamdu lillahi kawai. Ka ji ko? Alhamdu lillahi kawai.” Na ɗauka nasihar ango yake yi mini.

Tun daga nesa na hango wani abu yana walƙiya a tsakiyar kore. Muka matso. Jan gyale yana kaɗawa. Muka ƙara matsowa. Ga Saudena a tsaye cikin ruwa iya gwiwa, hannuwa a buɗe, tana marhabin da duk wanda ya zo, kuma babu tsuntsu ko ɗaya daga gonar har inda ido ya tsaya. Gonakin maƙwabta kuwa baƙi ƙirin da su.

A kan kunyar gona mutane ne cike, manoma da 'yan kallo, har da wani dattijon Bafulatani riƙe da sandarsa. Malam Hamisu ya taho da sauri ya kama hannuna da nasa mai taɓo, ya ɗaga sama kamar na ci dambe.

“Jama'a, ga shi nan! Ga mai aikin! Ni da nake cewa ba shi da amfani, na janye. Tun ranar da na kafa abin nan na koma yin barcin rana. Yaro, Allah ya yi maka albarka. Ka faɗa wa manyanka ina nan ina jiransu.”

Kun ji fa. Abin da na yi wata da watanni ina nema, ga shi an miƙo mini a gaban shaidu. Sabi'u ya matse mini hannu yana raɗa, “Alhamdu lillahi, ka ce alhamdu lillahi.”

A daidai nan Saude ta iso. Ashe da safen ta dawo daga Kiru, aka ba ta labari saurayinta ya fitar da Baba kunya, ta ɗauko kwanon ɗanwake da kanta ta kawo gona. Ta kalle ni ta yi wani murmushi da ban taɓa samu ba a duk zaryar da na yi. Ta kalli abin da ke tsakiyar gona ta ce, “Kai, a'uzu billahi,” ta yi dariya, ta sake kallona da alfahari.

Da a nan aka tashi, da yanzu wani labarin nake ba ku. Sai gardama ta ɓarke a kan mene ne ainihin abin. Wani ya ce mujiya ce aka yi wa kwalliya. Wani ya ce a'a, aljanar ruwa ce, kakarsa ta taɓa kwatanta masa ita, haka idanunta suke. Dattijon Bafulatanin ya ce shi dai bai san sunanta ba, amma shanunsa sun daina bin ta nan, sai ya zagaya da su ta bayan gari, kuma abin da ya kawo shi ke nan. Wani tsoho ya ce ko ma mece ce, wanda ya zana ta ya taɓa ganin abin tsoro a rayuwarsa.

Malam Hamisu ya ɗaga hannu. “Ku tsaya, ga mai ita. Yaro, fisabilillahi raba mana gardama. Wace halitta ce wannan ka kwaikwayo?”

Sabi'u ya taka mini ƙafa har sai da na ji a ƙwaƙwalwa. Amma ni a lokacin abubuwa biyu ne suke tafasa a ƙirjina. Ɗaya, an kira aikina mujiya. Biyu, a duk littattafan da na karanta ban taɓa ganin jarumin da ya yi musun masoyiyarsa a gaban jama'a ba. Na gyara hula, na lumshe ido, na sauke ajiyar zuciyar nan tawa, na ce:

“Baba, ai Saude ce.”

Ba ka jin komai sai murafun lemo suna kacau-kacau.

“Wace Sauden?” in ji Malam Hamisu.

“Ta wajenka, Baba.”

Ya juya ya kalli gona. Ya juyo ya kalli 'yarsa. Ya sake kallon gona. Da an bar shi haka, wataƙila da ya ce ƙarya nake yi, a wuce wurin. Sai wani mai kaifin ido a cikin taron ya ce, “Kai! Wallahi ga wushiryar nan!” Wani ya ce, “Har da tabon kumatun!” Shi ke nan, kowa ya shiga gano kama. Mutanen da ɗazu suke rantsuwa mujiya ce, yanzu suna cewa ai su tun farko sun ga kamar sun san fuskar. Tsohon nan da ya yi maganar abin tsoro ya zauna a kan kunya yana dariya har tari ya sarƙe shi.

Saude ta sunkuya ta ajiye kwanon ɗanwake a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Ta tako har gabana.

“Malam, haka kake ganina?”

Ko a nan ina da sauran hanyar tsira. Amma bakina ya riga ya saba da littafi. Na ce, “Haka zuciyata take ganinki.”

Ta ce, “To Allah ya ba zuciyar taka lafiya.”

Ta tattare zani ta nufi cikin ruwa za ta tumɓuke abin. Nan ne Malam Hamisu ya farfaɗo. Ya sha gabanta da gudu, ya buɗe hannuwa (sak irin na hoton), ya ce, “A'a, a'a, uwata, yi haƙuri. Ko ke ce, ko ba ke ba ce, sai an yi girbi.”

Na juya zan bar wurin da sauran mutuncina, santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas a cikin taɓo da farar shadda. Hular aro ta bi ruwa. Ina zaune a wurin wani manomi ya sunkuyo ya ce mini a hankali, cikin ladabi, “Malam, in ka samu sarari, ni ma a yi mini Saude guda biyu, gonata tana da faɗi.”

Hoton ya kai har girbi, kuma an ce Malam Hamisu bai taɓa cika rumbu irin na shekarar ba. Amma maganar manya ba a sake tayar da ita ba. Sunan ya bi gari, duk mutum-mutumin da aka kafa a fadamar sai a ce an kafa Saude, yarinya ta daina zuwa kasuwa sai da aka kwashe amfanin gona. Na aika ban haƙuri, ta aiko a faɗa mini ta yafe, amma in na ƙara bi ta ƙofar gidansu za ta sa a kafa ni a gonar gero.

Masu neman a yi musu irinta sun yi ta zuwa shago, na ce ni ba na sayar da zuciyata. Sai suka koma wajen Ado Mai Fenti. Ya yi musu da yawa, da ido da sidi da komai. Tsuntsaye suka riƙa sauka a kansu suna hutawa. Wannan ne kaɗai abin da ya sanyaya mini rai a duk lamarin, don ko ba komai an gane aikin da aka yi da so daban yake. Da muka haɗu da Ado na tuna masa maganarsa ta motsa mai kallo, ya ce shi dai jaki ya ce, bai yi alkawarin tsuntsu ba.

Abin da na koya bai da yawa. Zane yana hannunka ne kawai kafin ya bar shago, da ya fita, na wanda ya fara kwance buhu ne, shi kuma da damuwarsa zai kalla. Don haka in za ka aika wa budurwa hotonta, ka fara tambaya ko shinkafar babanta ta fitar da kai. In kuma aka sa maka albarka bisa kuskure, ka karɓa, albarka ce.

Saude ta yi aure a Tudun Wada, mijinta mai sayar da maganin feshi ne, har sun tara yara. Kwanakin baya Sabi'u ya shigo shago yana dariya tun daga bakin titi, ya miƙo mini wayar matarsa, wadda suke zumunci da Saude. Saude ce ta ɗora hotonta na bikin wata ƙanwarta, ta sa masa filtar gyaran fuskar nan da mata suke yayi yanzu. Idanu sun cinye rabin fuska, suna ƙyalli kamar taurari sun faɗa ciki. Hanci ɗan ɗigo. Haɓa kamar tsinin allura. Har gyalen ja ne. A ƙasa mata sun yi layi suna rubuta masha Allah, kin yi kyau, kamar ba ke ba.

Na daɗe ina kallo. Na ji ajiyar zuciya tana tahowa, ta gaske wannan karon, ba ta gwaji ba. Na ce, “Sabi'u, ka gani ko? Ashe ban yi kuskure ba, sammako kawai na yi.”

Ya karɓe wayar ya sa a aljihu ya ce, “Ƙwarai kuwa, mutumina. Ai tun da hoton nan ya shigo wayar, ko kaza ba ta ƙara shiga ɗakinmu ba.”